Hannun Yaya

A bayan idonta ɗalibai suna kiranta Uwar Bokiti. Ta sani sarai, ba ta dai taɓa nuna ta sani ba, domin a ganinta ɗalibin da bai raɗa wa malaminsa suna ba bai zauna ajinsa da kyau ba. A gabanta kuwa Farfesa ce, ranki ya daɗe, har da rusunawa. Gajeriya ce mai saurin tafiya, kullum tabarau na bisa goshinta tana nemansa a kan tebur. Ofishinta yana ƙarshen baranda a hawa na biyu na asibitin koyarwa, daura da ɗakin da masu shara suke ajiye kayansu. A ciki akwai tebur, da kujeru biyu da ba su yi kama da juna ba, da fanka mai kuka, sai wani dogon bokitin ƙarfe a kusurwa, an huda shi kusa da baki an liƙa masa ɗan bututu. Wannan bokitin ne ya kai ta matsayin farfesa, ko da yake ya daɗe da ita a hanya.

Abin ya faro tun tana sabuwar likita, tana tsaye bayan babban likitan tiyata tana riƙe masa fayil. Wata mata ta shigo, wadda aka yi wa aikin kansar mama shekarun baya. A wancan zamani, in an cire mama sai a bi hammata a kwashe kaluluwar da ke wurin kaf, saboda ta nan cutar take fara bi in za ta yaɗu. Amma waɗannan kaluluwa su ne magudanar ruwan hannu. In aka kwashe su, wata matar sai ruwa ya taru mata, hannu ya kumbura ya yi nauyi, kuma ba ya saɓewa. Hannun wannan matar ya yi kaurin cinya. 'Yarta ce take ɗaura mata zani. Babban likita ya duba tabon aiki, ya latsa nan ya latsa can, ya washe baki ya ce, "Madalla, kin warke." Matar ta dubi hannun, ta dube shi, ta ce ta gode. Ta sa hannun hagu ta tallabi na dama ta fita.

Da ɗaki ya rage su biyu, ƙaramar likita ta tambaya ko mata nawa ne suke ƙarewa haka. Ya ce ba yawa. Ta ce wa ya ƙirga? Ya ɗago ya yi mata irin kallon da ake yi wa yaron da ya sa baki a maganar manya, ya ce su cutar kansa suke yaƙa, ba kumburi ba, ta kira mai bi.

Ta kira mai bi, amma maganar ta tsaya mata a rai. Cikin wani tsohon littafi ta ga yadda ake auna kumburin hannu da ruwa, ta zana bokitin a takarda ta kai wa mai walda. Aikin ba shi da wani sirri. A cika bokiti har bakin bututu, mace ta tsoma hannu har hammata, ruwan da ya malalo a tare shi a kofin awo. A sake cikawa ta tsoma ɗaya hannun. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne kumburin. Haka ta riƙa yi wa duk matar da za a yi wa aiki, kafin aiki da bayan aiki, shekara da shekaru, hannun rigarta kullum a jiƙe.

Ta sha dariya har ta ƙoshi. A taron masana na farko da ta je, kowa ya hau ya nuna hotunan ƙwayoyin cuta masu launi, ita ta hau ta nuna hoton bokiti. Wani dattijo a sahun gaba ya ɗaga hannu ya tambaya ko ana haɗawa da wanki. A gida ma ba ta tsira ba. Maigidanta, malamin sakandare ne mai son tsokana, yakan ce wa baƙi mutane sun tura matansu karatun likita sun dawo da allura, tasa ta dawo da bokiti. Shi ne kuma yake tashi ranar hutu ya kai ta unguwanni a babur, suna neman gidajen matan da suka daina zuwa awo. Sa'o'inta suka wuce ta a ƙarin girma ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba, ta ci gaba da cika bokitinta.

Da ta tattara abin da ta auna, sai dariya ta ragu. Ashe ba 'yan kaɗan ba ne. In ka jera matan da aka kwashe wa hammata a kan benci, da wuya bencin ya rasa mai kumburarren hannu. Abin da ya fi baƙanta mata rai shi ne, da yawa daga cikinsu da aka kai kaluluwar ɗakin gwaji an tarar ba cutar a ciki. An raba mace da amfanin hannunta a banza ke nan.

Daga baya wata dabara ta iso daga asibitocin wasu ƙasashe. A yi wa mama allurar wani shuɗin ruwa, a bi shi a ga kaluluwar da ya fara isa, a cire ita kaɗai a gwada. In ba cuta a cikinta, a ƙyale sauran. Ba ita ta ƙirƙiro wannan ba, kuma ɗalibin da ya kuskura ya ce ita ce zai sha faɗa a gaban aji. Abin da ta yi shi ne, da likitocin tiyata na asibitinsu suka ce wannan na can ne, cutar matanmu ta fi zafi, sai ta ce to a gwada a gani. Ta bi matan da ƙarinsu bai girma ba, kuma ba a ji komai a hammatarsu ba, ta bi su fiye da shekara goma. Waɗanda aka ƙyale wa hammata sun rayu kamar waɗanda aka kwashe wa, kuma hannuwansu nasu ne. Aka buga binciken a mujallun masana, aka gayyace ta nan da can, asibitoci suka sauya tsarin aikinsu. Ɗalibanta suka bazu, yau wannan shugaban sashe ne, gobe waccan tana nata binciken. In an yi biki a sashen sukan zo su cika barandar, kowa da labarin ranar da ta kore shi daga ofis.

Takan kori mutane, wannan gaskiya ne. Waɗanda ta fi rashin haƙuri da su kuwa su ne dangin majinyata. Sai an zauna an yi wa mace bayani ta gane ta yarda, sannan miji ko ɗa ya biyo likita baranda yana raɗa, "Likita, don Allah a cire duka a huta." In Farfesa ta ji wannan, tabarau yakan sauko daga goshi. "A huta? Wa zai huta? Kai za ka ɗaura mata zani?" Mutum ya yi tsuru-tsuru ya koma ya zauna. Ita kuma ta wuce tana ƙunƙuni, wai tsoro ne yake sa mutane kyauta da hannun da ba nasu ba.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta san da wata Farfesa ba, ita ce yayarta. A wurin Yaya, Auta ce, kuma a Auta za ta mutu. Tun rasuwar mahaifiyarsu Yaya ta riƙe ta, da kuɗin kitso ta raine ta. Har yanzu tana da ɗan shagonta a gaban gida, da madubi mai tsaga a gefe, da kwalaben man gashi a jere, da kujerar roba wadda ƙafarta ɗaya aka ɗaure da waya. Mata suna tsallake shaguna masu fitilu su zo wurinta, domin kitsonta yana daɗewa kuma hannunta ba zafi. Wato ga kowa ba zafi, ban da Auta. Duk bayan mako biyu Farfesa takan ajiye motarta a bakin titi, ta tuɓe ɗankwali, ta zauna a ƙasa kan tabarma tsakanin gwiwoyin Yaya, a riƙa juya mata kai kamar na 'yar firamare. In ta ce wash, a ce mata duk ilimin nan bai koya mata zama wuri ɗaya ba.

A irin wannan zaman ne Yaya ta faɗa mata. Ta bari sai da ta kama gashin ƙeya ta riƙe gam, yadda Auta ba za ta iya waiwayowa ba.

"Auta, akwai wani ɗan ƙulli da nake ji a nan."

"A ina?"

"A irin wurin da kike aiki a kai. Na dama. Tsaya mana, za ki ɓata mini layi."

"Yaya, tun yaushe?"

"Bai daɗe ba. Ba ke kike cewa a rediyo kada a zauna da shi ba? To ga shi ban zauna ba. Sunkuyar da kai."

Farfesa ta sunkuyar da kai. Tana kallon saƙar tabarma tana jin yatsun Yaya suna tafiya a kanta. Yaya ba ta sake ta ba sai da ta kitse layin ƙarshe ta shafa mai.

Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka gwada. Kansa ce, amma ƙarin ƙarami ne, an kama shi da wuri, kuma ba a ji komai a hammata ba. Da a ce Farfesa za ta zana majinyaciyar da ta dace da bincikenta, da Yaya za ta zana. Wanda zai yi aikin tsohon ɗalibinta ne da kowa yake kira Dogo, mutum mai sanyin magana wanda sai ya sunkuya yake shiga ofishinta. Ya zaunar da su ya yi bayani: zai cire ƙarin da ɗan naman da ke kewaye da shi, ya bi shuɗin ruwa ya cire kaluluwar farko, in ta fito lafiya ya bar sauran, daga baya a yi gashi da na'ura don ƙone ragowar cutar. Yaya ta ce Allah ya ba da sa'a. Farfesa ta gyaɗa kai, har ta gyara masa wata kalma ɗaya, don hali ba ya barin mai shi.

Da suka fita ne abin ya fara cin ta. Ta san abin da dangin majinyata ba su sani ba. Shuɗin ruwan nan yakan yi kuskure jefi-jefi, ya nuna kaluluwa mai lafiya alhali cutar ta laɓe a ta kusa da ita. Ba kasafai ba, ita da kanta ta rubuta cewa ba kasafai ba. Amma waɗannan 'yan kaɗan ɗin ta san fuskokinsu. Ta san wata malamar firamare mai wushirya, ta san wata mai ɗinki da take zuwa awo da jaririnta a baya. Da can suna zaune a layin ƙasa na bincikenta ba su dame ta ba. Yanzu ko shayi ta ɗauka sai ta gan su. Maigida ya lura ta daina yi masa gardama a kan labarai, ya san abin ya kai inda ya kai, ya daina tsokanarta.

Ana gobe aiki, bayan an kwantar da Yaya, Farfesa ta sauka ofishin Dogo da la'asar. Ta tarar yana cin biskit a tsaye. Ya yi sauri ya ɓoye a aljihu kamar har yanzu ɗalibi ne.

"Rufe ƙofa," in ji ta.

Ya rufe.

"Gobe in ka shiga, ka kwashe hammatar duka."

Ya yi dariya. "Malama, ai na ci wannan jarrabawar tun tuni."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

Ya duba, bai gani ba. Ya jawo mata kujera, ta ƙi zama.

"Ka tuna malamar firamaren nan," ta ce. "Kaluluwar farko ta fito fes. Bayan shekaru ta dawo da ƙulli a hammata."

"Na tuna. Muka sake yi mata aiki. Tana nan da ranta, bara ta kawo mini katin bikin 'yarta."

"Mai ɗinkin fa?"

Dogo ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Amma ita cutar ta riga ta bi jini, ko an kwashe hammatar ba abin da zai sauya. Malama, ke kika nuna mana haka. Ni na riƙe miki allo ranar."

"Kada ka karanta mini takardata, ni na rubuta ta."

"To ai shi ya sa."

Ranta ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda ya san ba shi da gaskiya. Ta ce masa ita ta sa hannu a digirinsa, ita ta rubuta masa takardar shaida ya sami wannan ofishin da yake tsaye a ciki yana cin biskit, yau ta roƙe shi abu ɗaya tak a duniya. Muryarta ta karye a kan kalmar roƙo, domin ba ta saba da ita ba. Dogo ya sunkuyar da kai yana sauraro har ta gama.

"Malama, ranki ya daɗe, ba abin da za ki nema a wurina in hana ki. Amma wannan ba nawa ba ne balle in ba ki. Mai hannun tana sama a gado na uku. In ta ji bayani ta ce a kwashe, zan sake zama da ita in faɗa mata ban ga dalili ba. Ba zan shiga in yi mata abin da ba ta sani ba."

Ta tsaya tana dubansa. Sai a lokacin ta ji muryarta kamar daga bakin wani, ta gane inda ta taɓa jin irinta: a baranda, daga bakin mazan da take kora. Kunya ta rufe ta. Amma kunyar ba ta kori tsoron ba, suka zauna tare. Ta buɗe ƙofa ta hau sama.

Ta tarar da Yaya zaune a bakin gado cikin rigar asibiti, tana tsefe wa matar gadon kusa kai, wai ba za ta iya kwana tana kallon wannan tsohon kitson ba. Da ta ga fuskar Auta sai ta ce wa matar ta ɗan ba su wuri, za a ƙarasa an jima. Farfesa ta ja labule ta zauna. Ta yi bayani tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba: yadda shuɗin yake kuskure wani lokaci, da abin da kwashewa take jawowa, da inda ta fito yanzu, da abin da ta je nema.

Yaya ta saurara tana cire gashi daga matsefi.

"Wato kin je ki ce a yanke mini hammata ban sani ba."

"Na je."

"Yaron ya ce me?"

"Ya ƙi."

"Allah ya yi masa albarka. Ya fi malamarsa hankali." Ta ajiye matsefin. "Auta, in tambaye ki. Matan nan da kika yi shekaru kina ce musu su yarda a bar musu hammata, ƙarya kika yi musu?"

"A'a."

"Akwai abin da kika sani kika ɓoye musu?"

"Babu."

"To su 'ya'yan wasu ne shi ya sa kika faɗa musu gaskiya, ni kuma da nake taki sai a yi mini na tsoro?"

Farfesa ta kau da kai. Hawaye suka zubo mata, ta ce, "Yaya, ke kaɗai gare ni."

"Na sani. Ni ma ke kaɗai gare ni, ga ki nan kamar tsohuwar jaka ba kya jin magana." Ta ɗaga hannun dama ta juya shi a gaban fuskar Auta, yatsun sun ɗan karkace saboda shekarun kitso. "Kin ga wannan? Ban san zama ba. In kika bar ni da rai kika ɗauke mini shi, kullum ina zaune ana ɗaura mini zani, wallahi sai na addabe ki har ki gudu daga garin nan. In kuma cutar ta dawo, ta dawo, sai mu sake zuwa wurin Dogon. Rai na Allah ne. Ke dai kin yi aikinki, ki bari in ci amfaninsa kamar kowa."

Ta sa gefen rigar asibiti ta share wa Farfesa fuska da ƙarfi, kamar mai goge wa yaro majina. Sannan ta ce ta buɗe labule ta kira mata matar nan, an bar ta da rabin kai.

Washegari da safe aka shiga da Yaya. Farfesa tana da ikon sa riga ta shiga ɗakin tiyata ta tsaya, amma Dogo ya roƙe ta kada ta shiga, ita ma ta san ya fi. Ta zauna a dogon bencin da ke bakin ƙofa, wanda ta wuce ta gabansa shekara talatin ba ta taɓa ɗora jiki a kai ba. Ashe yana da tauri, kuma ƙusa ɗaya ta ɗago tana kama zani. Ba farar riga a jikinta, ba wanda ya san ta a cikin masu jira. Wata mata mai jiki da ke kusa, wadda take jiran a sallami ƙanwarta, ta ga yadda take murza yatsu, ta miƙo mata ruwa.

"Wa aka shiga da shi, baiwar Allah?"

"Yayata. Mama ce."

"Ayya. Ki kwantar da hankalinki, yanzu ba kamar da ba ne. Ni kaina an yi mini, ga ni." Ta ɗaga hannu sama ta girgiza, awarwaro suka yi ƙara. "Da can, an ce har hammata suke kwashewa, hannu ya zama kaya. Innata haka ta ƙare. Wata farfesa ce a nan asibitin ta tsaya kai da fata sai da aka daina."

"Haka ne?"

"Wallahi. Ban taɓa ganinta ba, amma an ce masifaffiya ce ta ƙin ƙarawa. Ta dai san aikinta."

Farfesa ta kurɓi ruwan ta ce ita ma ta ji ana faɗar haka. Dariya ta taso mata tare da kuka, ta danne su duka biyu da wani kurɓin.

Da Dogo ya fito, hular tiyata a hannu, bai ja mata rai ba. Ƙarin ya fita cif, kaluluwar farko ba komai a ciki, ya bar sauran. Bayan kwanaki cikakken gwaji ya tabbatar da haka. Aka yi gashi, Yaya ta rame ta yi baƙi a gefe ɗaya, ta yi ta mita a kan ƙamshin asibiti, sannan a hankali ta murmure. Ba wanda ya ba su takardar cewa cutar ba za ta dawo ba, Farfesa kuma ta fi kowa sanin ba mai bayarwa. Duk ranar da za a koma dubawa ba ta iya karyawa sai an fito. Ta karɓi wannan a matsayin nata kason. A baranda kuma ma'aikatan jinya sun lura, in miji ya biyo likita yana raɗa a cire duka, har yanzu tabarau yana saukowa, har yanzu ba ta yarda, amma takan ja mutumin ofis ta ba shi ɗaya daga kujerun nan biyu, su daɗe a ciki.

Wata ranar hutu da damina, Farfesa ta biya gidan Yaya da yamma. Suna zaune a tsakar gida sai hadari ya haɗo, iska ta taso, ga shanya cike da igiya, zannuwan gado da tawul-tawul na shago. Yaya ta zabura. Igiyar tana da tsayi, jikanta ne ya ɗaura ta daidai tsawonsa. Ta yi ɗage, ta miƙa hannun dama can sama har rigarta ta ɗage, ta fizgo zanin gado ta yafa a kafaɗa, ta sake miƙawa ta fizgo wani, tana yi tana zagin wanda ya ɗaura igiyar.

Farfesa ta miƙe don ta taya ta, sai ta tsaya a tsakiyar gida ta kasa gaba. Kallon hannun kawai take yi, siriri, yana hawa yana sauka, fatar damtse tana rawa irin ta tsofaffi. Da Dogo ya ji maganarta ranar nan, da wataƙila yanzu ita ce take kwashe shanyar, Yaya tana zaune tana tallabe da shi. Wani daɗi ya cika mata ƙirji wanda ba ta ji irinsa ba ranar da aka ba ta kujerar farfesa. Ruwa ya fara sauka manya-manya a kanta, ba ta motsa ba.

Yaya ta waiwayo, kaya har wuya.

"Auta! Tsayawa za ki yi kina kallona har su jiƙe? Kama wancan gefen!"

Ta ruga ta kama.